Shin ma'aunin maganaɗisu marar batir zai iya jin bugun zuciya? Amsa ga wani ɗalibi a Samaru

Wani ɗalibin fiziks da ke ajin ƙarshe a Samaru ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, na karanta cewa akwai wasu kaya da ake kira magineto-ilektirik, waɗanda idan maganaɗisu ya kusance su sai su fitar da lantarki da kansu, ba batir ba komai, har ana cewa za su iya auna maganaɗisun da zuciyar mutum ke fitarwa. Da gaske ne? Kuma zan iya yin aikina na kammala digiri a kansu a nan Zariya, da abin da hannuna zai iya kaiwa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Kayan akwai su, kuma da gaske suna fitar da lantarki ba tare da batir ba. Batun zuciya ma an gwada an samu, sai dai da wahala, a cikin ɗaki na musamman. Aikinka kuma zai yiwu ƙwarai, amma ba a kan zuciya ba. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan amsa shi ne: a wannan fanni, ba ma'aunin da ya fi fitar da bolt ne gwani ba, wanda ya fi ƙarancin hayaniya ne. Ɗalibai da yawa a nan suke ɓata.

Bari mu fara da abubuwa biyu da ka riga ka sani. Idan ka tsaya kusa da taransfoma a Tudun Wada lokacin da akwai wuta, za ka ji tana gurnani. Ba wani abu ne ya kwance a cikinta ba. Ƙarfen cikinta ne yake miƙewa yana komawa, domin baƙin ƙarfe yakan ɗan canza tsawo idan maganaɗisu ya ratsa shi. James Joule ne ya auna wannan a 1842. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙarfen kuwa bai damu da ta wane ɓangare maganaɗisun ya zo ba, ko ta gaba ko ta baya tsawonsa zai canza, saboda haka yana motsi sau 100 a daƙiƙa. Ka riƙe wannan ninkin, zai yi maka amfani a ƙarshe. Na biyu, letar da ake kunna gas da ita, wadda kake dannawa ta yi ƙas ta ba da tartsatsi. Babu batir a cikinta. Wani ɗan tangaran ne ake kira PZT, wanda idan an matse shi ko an buge shi sai ya tara cajin lantarki a fuskokinsa biyu. Wannan hali shi ake kira fiyezo, kuma 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, su suka gano shi a Faransa a 1880.

To, ka manna waɗannan biyu da gam. Maganaɗisu ya zo, ƙarfen ya miƙe, ya ja tangaran ɗin da ke manne da shi, tangaran ya ba da bolt. Shi ke nan. Ƙarfen bai san lantarki ba, tangaran bai san maganaɗisu ba, miƙewar ce tafintan da ke tsakaninsu. Kusan duk ma'aunin magineto-ilektirik da ake aiki da shi yau haka yake.

Amma ba ta nan aka fara ba. Da farko abu guda aka nema, wanda shi kaɗai yake da halin biyu a jikinsa. Pierre Curie ya yi hasashen yiwuwarsa a 1894, sai aka shafe shekara sittin da biyar ba a same shi ba. A 1959 Igor Dzyaloshinskii, a Tarayyar Sobiyet, ya nuna da lissafi cewa sinadarin Cr2O3 ya kamata ya yi haka, a 1960 kuma Astrov ya tabbatar a ɗakin gwaji. Murnar ba ta daɗe ba, saboda abin da yake fitarwa kaɗan ne ainun. Ga wata illa da ta shafe mu kai tsaye: halin nan yana ɓacewa daga Cr2O3 da zarar zafi ya wuce kimanin digiri 34 na ma'aunin Salshiyas. Ka san yadda azahar take a Zariya cikin watan Afrilu. Ma'aunin da aka yi da shi zai yi aiki da asuba, kafin la'asar ya zama dutse kawai.

Me ya sa irin waɗannan kayan suka yi ƙaranci? Nicola Spaldin ta yi bayaninsa a shekarar 2000. A yawancin tangaran ɗin da ke riƙe cajin lantarki da kansu, sai wani zagaye na ilektiron a cikin atam ɗin ƙarfensu ya kasance fanko. Maganaɗisu kuwa sai wannan zagayen yana da ilektiron a ciki, bai cika ba, bai kuma zama fanko ba. Ƙwarya ɗaya ake so ta zama wofi kuma ta zama da hatsi. Akwai waɗanda suka bi ta wata hanya suka tsallake wannan, kamar BiFeO3 da ya yi suna tun 2003 kuma yake jure zafi sosai, amma haɗin da ke tsakanin halayensa biyu bai da ƙarfin da mai ƙera ma'auni yake bukata. Masu neman sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta suna ta bincike a kansa. Kai dai ba naka ba ne.

Dabarar haɗa abu biyu ta fito ne daga ɗakin binciken kamfanin Philips a ƙasar Holan, inda van Suchtelen ya kawo ta a 1972. Kafin in ba ka adadi, ga ma'aunin da ake amfani da shi: bolt nawa ake samu a kowace santimita ta kaurin tangaran, idan maganaɗisu ya canza da osted ɗaya. Osted ɗaya a iska daidai yake da maikirotesla 100 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne, maikirotesla kuma kashi ɗaya ne cikin miliyan na tesla), wato kusan ninki uku na maganaɗisun ƙasa a nan wajenmu. Cr2O3 yana ba da kimanin milibolt 20. Haɗin Philips ya kai milibolt 130. A 2001 wasu masu bincike a Amurka suka bar cakuɗa gari da gari, suka manna faifan PZT tsakanin faifai biyu na Terfenol-D, wani haɗin ƙarfe mai miƙewa idan maganaɗisu ya ratsa shi, sai ga bolt 4.68. Fiye da ninki 200 na Cr2O3 ke nan, kuma ba wani sabon sinadari aka gano ba, yadda aka jera su ne ya canza. A cikin cakuɗe, ƙwayoyin maganaɗisun suna barin caji ya zurare. A shimfiɗa bisa shimfiɗa kuwa kowa yana ɗakinsa.

Terfenol-D gwarzo ne wajen miƙewa, yakan wuce kashi 1,000 cikin miliyan na tsawonsa. Amma yana da tsada, yana da saurin karyewa, kuma sai an sa masa maganaɗisu mai ƙarfi kafin ya motsa. Shi ya sa masu ƙera ma'auni suka koma ga Metglas, wani ƙarfe mai siffar zirin leda, kaurinsa kamar maikiromita 25, wanda aka sanyaya cikin gaggawa har atam ɗinsa ba su samu damar jeruwa ba. Iyakar miƙewarsa ba ta kai kashi 30 cikin miliyan ba, sai dai ɗan maganaɗisu kaɗan ya ishe shi ya kai can. Ma'auni bai damu da iya nisan da ƙarfen zai iya zuwa ba. Abin da ya dame shi shi ne saurin amsawarsa ga ƙaramin canji.

A nan ne batun jingina ya shigo. Na ce ƙarfen bai damu da ɓangaren da maganaɗisu ya zo ba. Ma'anar haka, idan babu wani maganaɗisu tsayayye a kansa, ƙaramin canji kusan ba ya motsa shi. Dole a ajiye masa ɗan mayen ƙarfe a gefe, wanda zai kai shi wurin da ya fi saurin amsawa, ya jingine shi a can. Idan jinginar ta yi kaɗan ba ya ji, idan ta yi yawa ya ƙoshi ya daina miƙewa. Metglas osted kaɗan yake so, Terfenol-D ɗaruruwa.

Yanzu mu zo ga zuciya. Mayen ƙarfen da ake liƙawa a jikin firij yana da kamar militesla 5. Maganaɗisun ƙasa a Zariya bai wuce maikirotesla 33 zuwa 34 ba. Na zuciya, a kan ƙirji, a daidai ƙololuwar bugu, tsakanin fikotesla 50 ne zuwa 100, fikotesla kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na tesla. Wato maganaɗisun ƙasa ya ninka na zuciya fiye da sau dubu 300. Na ƙwaƙwalwa ya fi haka ƙanƙanta da ninki ɗari ko fiye. Waya guda da ke ɗauke da amfiya ɗaya tak, a nisan mita ɗaya, tana ba da nanotesla 200, ninki 2,000 na zuciya. Ka ga ke nan fankar ɗakinka kaɗai ta isa ta binne abin da kake nema.

Tun 1963 Baule da McFee suka fara auna maganaɗisun zuciya, da naɗin waya mai zagaye miliyan biyu, kuma sai da suka fita fili nesa da gari. A 1970 David Cohen ya samu sahihin zane da SQUID, wata na'urar auna maganaɗisu mai tsananin ji, a ɗaki mai kariya daga maganaɗisun waje a Amurka. Har yau SQUID ce sarauniya, hayaniyarta 'yan femtotesla ne, femtotesla kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na fikotesla. Matsalarta sai an tsoma ta cikin ruwan hiliyam, a sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. Ka yi tunanin abin da zai ci a riƙa kawo ruwan hiliyam asibitin Shika a kai a kai. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutane suka ƙwallafa rai a kan magineto-ilektirik: yana aiki a zafin ɗaki, ƙarami ne, kayansa ba su da tsada, ana iya kusanto da shi har jikin fata.

Ina ya kai? A 2011 masu bincike a jami'ar Virginia Tech suka ba da rahoton ma'aunin Metglas da kiristal na fiyezo mai hayaniyar fikotesla 5.1 a firikwensin haz ɗaya, wato juyi ɗaya a daƙiƙa. Abin yabo ne, amma ka karanta adadin da kyau: hayaniyar da ke cikin faɗin haz ɗaya ce kawai. Zanen bugun zuciya yana bukatar faɗin da ya kai haz 100, hayaniya kuma tana ƙaruwa da tushen murabba'in faɗin. Idan muka ɗauka ba ta canza ba a duk faɗin, sai ta ninka sau goma, ta zama fikotesla 50, kusan kai ɗaya da zuciyar kanta. Shi ya sa ake tara bugu da yawa a ɗauki matsakaici. Bugu 100 yana rage hayaniya ninki goma. Likitan da ke neman bugu ɗaya da ya kauce a cikin ɗari, matsakaici ba zai nuna masa ba.

Daga ina hayaniyar take? Wata daga cikin tangaran ɗin ne, motsin zafi na atam ɗinsa. Wata daga amfilifaya, domin duk da cewa ma'aunin ba ya cin batir, cajin da yake bayarwa sai an ƙara masa ƙarfi, amfilifaya kuma tana cin wuta tana kuma da nata surutun. Wata daga ƙarfen, lokacin da yankunan maganaɗisun cikinsa ke tsalle suna sauya wuri. Mafi muni ita ce wadda ta samo asali daga kyawun abin kansa. Tangaran ɗin matsi kawai ya sani, bai san wa ya matse shi ba. Tirela ta wuce a Kwangila ƙasa ta girgiza, zai ba da bolt. Janaretan maƙwabci ya tashi, zai ba da bolt. Ka yi magana kusa da shi, zai ji, don makirfo ne na sosai. Iskar hunturu ta shigo ta taga ta ɗan sanyaya shi, nan ma zai ba da caji, saboda PZT yana amsa canjin zafi.

A ganina aikin da ya fi kyau a wannan fanni shi ne na jami'ar Kiel a Jamus, inda a 2016 suka kafa babban shiri na musamman kan auna maganaɗisun jikin mutum da waɗannan kayan. Su ba sa amfani da gam. Suna shafa siraran shimfiɗu a kan ɗan harshen silikon da aka riƙe ta gefe ɗaya. Harshen yana da firikwensin da ya fi son kaɗawa a kai, kamar lilo da ake turawa a kan lokaci, kuma a 2010 sun samu bolt 737 a firikwensin haz 753. Ka kwatanta da milibolt 20 na farko. Sai dai zuciya ba ta bugu sau 753 a daƙiƙa. To yaya za a yi? Hanya ɗaya ita ce a kawo wani maganaɗisu mai sauri da gangan, ya goya saƙon zuciya mai nawa ya kai shi inda harshen ke ji, kamar yadda tashar rediyo ke ɗora murya. Wata hanyar ta fi burge ni. Maganaɗisu yana canza taurin ƙarfen, tauri kuma yana canza muryar harshen. Mai kalangu yakan matse tsirkiya a hammatarsa sai muryar ganga ta hau, ya saki ta sauka. Haka suke sa harshen ya yi ta kaɗawa, su kuma suna sauraron hawa da saukar muryarsa. Don maganin girgiza kuma sukan haɗa harsuna biyu baya da baya, yadda girgiza za ta soke kanta, saƙon maganaɗisu ya ninku. Da irin waɗannan dabaru sun ga bugun zuciya, a ɗaki mai kariya, bayan tara bugu masu yawa.

Kada ka ɗauka fagen nasu ne su kaɗai. Kamfas ɗin da ke cikin wayarka da wata fasaha yake aiki, mai araha ƙwarai, kuma ta wadatar. A ɓangaren asibiti akwai ma'aunin tururin rubidiyam da leza, wanda ba ya bukatar hiliyam kuma ya kusa kamo SQUID. Abokanka na jiyofiziks masu neman ma'adinai ko wurin haƙa burtsatse, su maganaɗisu tsayayye suke aunawa, nan kuwa magineto-ilektirik ba shi da ƙarfi, don cajin tangaran yana zurarewa idan babu canji.

Inda yake da ƙarfi shi ne maganaɗisu mai juyawa, kuma wannan muna da shi a kowace waya. Amfiya 10 a nisan santimita ɗaya tana ba da maikirotesla 200, ninki miliyan biyu na zuciya. Shawarata ke nan: ka ƙera ma'aunin wutar da ke bin waya ba tare da ya taɓa ta ba. Gaskiya ne mitar kilam da masu gyaran wuta ke maƙalawa tana yin wannan aiki, kuma sai ka faɗi haka a rubutunka. Bambancin naka shi ne ba sai ya zagaye wayar ba, kuma irinsa yana iya tsotsar ɗan makamashi daga wayar da yake gadi. A garin da taransfoma ke ƙonewa saboda layi ɗaya ya fi sauran kaya, ƙaramin abu mai araha da zai riƙa faɗin nauyin kowane layi ba wasa ba ne.

Kayan duk za ka same su. Faifan fiyezo yana cikin baza, wato ɗan abin da ke ƙara a na'urori, ɗan faifan tagulla ne mai farin tangaran a tsakiya, masu sayar da kayan lantarki a Sabon Gari suna da shi. Ƙarfen kuma, zirin nikel da ake haɗa batiran litiyam da shi zai yi, domin nikel yana tsukewa da kashi talatin da wani abu cikin miliyan. Amma ka kula, da yawa a kasuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa nikel, kuma mayen ƙarfe yana kama duka biyun. Ka kankare gefe ka jiƙa a ruwan gishiri kwana biyu, na jabu zai yi tsatsa. Idan ka yi sa'a ka samu ɗan farin akwatin hana sata da ake liƙawa a kayan kantunan waje, ka buɗe shi, siririn zirin da ke kwance sako-sako a ciki ɗan'uwan Metglas ne. Gam ya zama mai tauri irin Araldite, ka shafa shi siriri sosai, ka danne har ya bushe. Gam mai kauri ko mai laushi shanye miƙewar yake yi, tafinta ya zama kurma. Kada ka goge tangaran ɗin da sanfefa, akwai dalma a cikinsa.

Don gwaji, ka naɗa waya zagaye 200 a kan bututun roba tsawon santimita 20. Amfiya 0.1 za ta ba ka kimanin maikirotesla 125 a tsakiya. Ka sa amfilifaya mai ƙofar JFET, kamar TL072, dab da faifan. Idan ka zo gwada waya mai wuta, ka raba igiyar ka ɗauki ɗaya, don idan biyun suna tare maganaɗisunsu soke juna yake yi. Ka yi da ƙaramin bolt a ɗakin gwaji. Ban yarda ka kusanci turken wuta ko taransfoma ba.

Saura tarko guda, wanda na ga ya kama mutane masu ƙoƙari. Wayoyin da suka fito daga faifan su ma zagaye ne, maganaɗisu mai juyawa kuma yana haifar da bolt a kowane zagayen waya. Za ka ga zane mai kyau a osiloskof, ka yi murna, alhali ko ka cire ƙarfen zanen yana nan. Ka murɗe wayoyin biyu tare tamau, sannan ka yi wa ma'aunin tambayoyi uku. Ka matso da mayen jinginar a hankali: saƙo na gaskiya zai hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko. Ka juya fuskar mayen: zanen zai kife, sama ta koma ƙasa. Ka ɗauke shi gaba ɗaya: saƙon zai ragu sosai, kuma za ka fara ganin wani a ninkin firikwensin da ka sa, wannan ninkin da ka ji a gurnanin taransfoma. Bolt ɗin bogi ba ya amsa ko ɗaya daga cikin ukun.

Bayan haka ka kashe naɗin, ka bar ma'aunin shiru, ka ɗauki abin da yake fitarwa. Ka yi haka da tsakar dare, ka yi da rana, ka yi lokacin da janareta ke aiki, ka yi a kan tebur da kuma a kan soso. Ka raba wannan hayaniya da bolt ɗin da yake bayarwa a kowace maikirotesla, sai ka samu mafi ƙanƙantar maganaɗisun da na'urarka za ta iya ji. Wannan adadin shi ne sakamakon aikinka, shi zan fara nema idan ka kawo mini.

Idan zirin akwatin hana sata ka samu, akwai ƙarin gwaji da wurin zamanmu ya sauƙaƙa maka. Zariya tana kusa da ikwaitan maganaɗisu, saboda haka maganaɗisun ƙasa a nan kusan a kwance yake, ba kamar a Turai ba inda yake nutsawa cikin ƙasa. Kusan duka maikirotesla 33 ɗin suna shimfiɗe a kan teburinka. Ka cire mayen jingina, ka juya na'urar da naɗinta a hankali daga gabas zuwa arewa, ƙasa da kanta za ta jingine zirin, saƙon ya ƙaru. Ka rubuta abin da ka gani a kowane digiri 15 har ka zagayo.